Mai Wutsiya Uku

Shekara goma sha ɗaya Kawu Mutari ya yi a Kwatano
yana dakon buhuna a bakin teku.
Ran da motar Damagaram ta sauke shi a Gidimuni
bai zo da rediyo ba, bai zo da babur ba,
sai tari, da gwangwanin madara
da aka ɗaure bakinsa da tsumma.

A ciki akwai ɗan kifin roba,
bai fi yatsa ba,
baya kore, ciki fari kamar azurfar Agadas,
jan ido da ba ya ƙiftawa,
ƙugiya biyu na reto a ƙarƙashi.
Inna Cima ta juya shi da tsinken tsintsiya,
ta ce, "To. Gadon namu ke nan?"

Ya ce a can inda ruwa ke da gishiri,
ba nisa da gaɓa,
akwai wani kifi mai wutsiya uku.
Ba ya gudu, ba ya bin kowa.
Kwanciya yake ta gefe ɗaya
jikin tsohuwar ganga mai yawo bisa ruwa,
ya yi lamo kamar busasshen ganye.
Ƙananan kifaye su zo shan inuwa,
shi ke nan, an yi kalaci.

"Shi ba a ba shi tana," in ji Kawu.
"Maƙaryaci sai ƙarya.
Ka jefa can gaba da shi, kada ka faɗa masa a ka,
ka jawo sannu, ka tsaya, ka ɗan girgiza,
kamar mai ɗingishi ya ɓata hanya.
Ganye ya ga gurgu,
gurgu ya ga ganye,
kowa na cewa yau na samu wawa."

Masuntan tafki suka yi dariya
har wani ya zamo daga kan gora.
Barma ya ce, "Mutari, nan ruwan kanwa ne.
Tarwaɗarmu da hanci take ci.
Tsoma hannunka ka ga ko za ka gan shi."

Bai ce uffan ba.
Kullum in an sallame asuba
ni ke ɗaukar sandar fatsa,
mu ratsa gonakin rake, mu bi ƙarƙashin dabinai
har inda kacalla ta bar ƙofa.
Ya jefa. Ya jawo. Ya tsaya. Ya girgiza.
Damina biyu.
Abin da muka kama: takalmin roba ƙafa ɗaya,
saiwar bado, da mura.

Daga baya yanar ido ta kama shi.
Hannun dai bai manta ba,
sai ya tambaye ni ta ina ruwan yake.

Wata Laraba na saci daddawa a ƙwaryar Inna,
na kwaɓa da hanjin kaza,
na shafe ɗan kifin nan daga baki har wutsiya
yayin da Kawu ke lalubar wurin zama.

A jifa na uku zare ya miƙe,
sanda ta rusuna kamar mai gaida surukai.
Ya tashi tsaye, ya manta da tari,
yana zagin kifin da yaren bakin teku
wanda ban taɓa ji a bakinsa ba.
Na shiga ruwa har gwiwa na cicciɓo.
Tarwaɗa ce, baƙa, mai gashin baki,
irin wadda Barma ke sayarwa dala ɗari.

Ya shafa, ya zare ƙugiya.
Ya kai yatsunsa hanci.
Ya daɗe.
Balbela ta sauka, ta tashi.

Sannan ya juyo da fararen idanun nan
wajen da yake zaton ina tsaye:
"Ɗan nan, duba mini da kyau.
Wutsiya nawa?"

Na dubi tarwaɗa tana buɗe baki tana rufewa.
Na ce, "Uku, Kawu."

Ya ce, "Haka na zata.
Wanke hannunka kafin mu shiga gida,
innarka tana ƙirga daddawarta."